Tambayi Injiniya: Batirin injin kwalekwale da rigimar cajinsa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonnin masunta ne sunka cika mani waya, duk a kan ɗan injin nan mai aiki da batir da ake ɗaurawa a gindin kwalekwale, wanda ni nake kira injin sanɗa saboda ba ƙara ba hayaƙi, sai dai kifi ya gan ka a kansa. Ashe masu shi suna da yawa a yankinmu, daga Goronyo har Kware da Wurno, kuma kusan kukan kowa ɗaya ne, batir. Edita ya ce in rage Sakkwatanci don mutanen Kano da Zariya su bi mu, na ce to zan gwada, amma wasiƙun mutane na bar su yadda sunka zo.

TAMBAYA: Salamu alaikum Injiniya, ina gajiya, ya zahi? Ni masunci na, ga dam ɗin Goronyo nika kamun kihi, gadon ubana na. Ƙanena da ka zaune Legas yak kawo mani injin ga mai batir ɗan Kwatano, an rubuta 12V da 55 ga jikinai. Nis sayi batirin mota sabo dal 75Ah, hwarko shina kai ni awa ukku har da ɗori, yanzu wata huɗu ko minti arba'in bai yi sai in koma ga hilahili. Kullum sai ya mutu murus nika aza shi ga kabu-kabu a kai ma mai caji cikin gari, wani lokaci shi kwana biyu ko ukku ga zaure kahin a samu mai zuwa. Mai cajin ya ce asid ɗinai na yas salamce, in kawo kuɗi shi zuba sabo. In ba shi, ko ko jabu anka saida mani? Masunci daga Goronyo.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, gajiya ta bi lafiya, zafi kuma lokacinsa ne. Riƙe kuɗinka kar ka ba shi ko sisi. Asid ba miyar jiya ba ce da za ta salamce, kuma ban ga alamar jabu a labarinka ba, ku biyu kunka taru kunka kashe batirin nan, kai da mai cajin, sai dai ba da gangan ba.

Batirin mota ba don wanga aiki anka yi shi ba. Shi ɗan dambe ne, bugu ɗaya mai ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku ya tada mota shikenan ya koma gefe altaneta na ciyar da shi, farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa don su zubo wuta lokaci guda. Injinka kuwa raƙumi yake nema mai doguwar tafiya a hankali, wato batirin da ake ce ma dip-saikul irin na sola da inbata, farantansa na da kauri suna jure a zuƙe a mayar sau ɗaruruwa. Na mota in kana zuƙe shi ƙaf kullum dalmar sai ta fara zubewa ƙasa kamar laka, wata uku huɗu ya gama yawo, daidai abin da ka gani kenan.

Wannan 55 ɗin ƙarfin turawar injin ne, kuma irinsa in ka buɗe shi giyar ƙarshe yana jan wajen amp 50, a tsakiya kuma wajen 20. Batirin dalma ko dip-saikul ne rabinsa ne naka, rabin ajiya ne ba a taɓawa, saboda haka a batir 100Ah (Ah ma'aunin wutar da batir ke ajewa ne, amp sau awa) hamsin kake da su, a giyar tsakiya awa biyu da rabi kenan. In ka ci ajiyar zai ba ka yau amma daga kwanansa kake cira.

Amma abin da ya fi kashe shi, kuma shi nake so duk mai irin injin nan ya saurara, shi ne kwana biyu ukun nan da yake yi a zaure cikinsa wayam. Lokacin da batir ke ba da wuta, asid ɗin yana haɗuwa da dalma ya zama wani farin gari ya manne a farantan, ana ce masa salfet. In ka sa caji ranar, garin ya narke ya koma asid kamar ba a yi ba. In ka bar shi ya kwana ya wuni sai ya ƙanƙame. Tukunyar tuwo ce, in an jiƙa ta nan take da hannu ma sai ta wanku, in ta kwana biyu ƙanzo ya kama sai an sa cokali ana kankara, to shi ƙanzon batir ba cokalin da ke shiga. Shi ya sa mai cajinka in ya gwada yake ganin asid ya yi rauni, ai asid ɗin na nan daskare jikin farantan, in ya zuba sabo zai yi maka kamar ya farfaɗo na sati ɗaya ko biyu daga nan sabon ya cinye ɗan abin da ya rage.

Su masu cajin gari ba na raina sana'arsu, amma na taɓa zama shagon wani ina jiran a sallami abokina, batura sun kai goma jere kan katako, na mota da na babur da na sola duk an jona su da wayoyi a injin caji ɗaya da anka naɗa da hannu, ƙarƙashin rufin kwano da azahar. Wani batir a ƙarshen layi yana ɓararraka kamar tukunyar wake, wurin duk warin ruɓaɓɓen ƙwai, na ɗora hannu a jikinsa na janye ba shiri. Na ce ma yaron shagon wannan ya cika tun ɗazu fa, sai ya ɗauko guntun waya ya goga kan ja da baƙi, tartsatsi ya tashi fat, ya ce yanzu dai ya cika. Wlh sai da na matsa bakin ƙofa, don batir mai tafasa iskar haidirojin yake fitarwa, ita ba ta da wari ba a ganin ta, tartsatsi ɗaya ko guntun taba ya isa ya fasa batirin ya watsa ma mutum asid a ido. Irin injin cajin nan bai san cika ba, turawa kawai yake har sai an cire.

Abin da za ka yi, ka nemi dip-saikul 100Ah, in da hali irin rufaffen nan AGM da ba ya zubar da asid in kwalekwale ya yi tangaɗi, sannan ka sayi caja taka ta kanka mai amp 10 zuwa 15 wadda ke rage wuta da kanta. Ƙa'idar ita ce caja ta zama wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na girman batir. Caja ta kirki kamar mai cika buhun gero take yi, farko ta zuba da ƙwarya har boltej ya kai wajen 14.4, sannan ta tsaya nan tana girgizawa tana ƙarawa kaɗan kaɗan, in ya cika ta sauka wajen 13.5 ta riƙe shi. Wannan girgizawar ta ƙarshe tana cin awa biyu ko uku kuma ita ce mutane ke yankewa don sun gaji ko mai ya ƙare a janareta, batirin da kullum ake cirewa a kashi 80 shi ma ƙanzo na taruwa, a hankali dai. Rabin 100Ah da caja amp 10 ka ba shi awa bakwai zuwa takwas.

Ka sayi 'yar mitar gwajin wuta, ba ta kai kuɗin giwan ruwa ɗaya ba. Bayan batir ya huta 'yan awoyi ba caji ba aiki, in ta nuna 12.6 ko 12.7 ya cika, 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi kenan ka tsaya, 12.0 ka riga ka shiga ajiya. Kar ka gwada ana cire caja nan take, zai nuna maka 13 da wani abu ya yaudare ka.

Sai zafi. Injin nan wani O.G. Schmidt ya ƙirƙiro shi a garin Fargo na Amurka a 1934, kamfanin Minn Kota ya samo asali daga nan, abin dariya shekarar da anka fara bikin kamun kifi na Argungu kenan da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. To su can Fargo ƙanƙara ke damunsu, kuma duk lissafin da ke jikin batir da caja a kan zafi digiri 25 anka yi shi. Mu nan watan huɗu da na biyar muna haura 40 a inuwa, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu. Don haka caji da dare ko da asuba, wuri mai iska da inuwa, ba ɗakin kwana ba, ka cire wayar injin tukuna. In cajarka na da wurin saitawa, lokacin bazara ka rage boltej ɗin ya dawo wajen 14.1. In ka taɓa jikin batir hannunka ya kasa zama, kashe ka bari ya huce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Maigidana ne ke su a tafkin Kware, da dare yake fita ya dawo da hantsi. Ni na haɗa kuɗin adashe na saya masa batir 100Ah na sola da fanel 100W, don ƙauyenmu ba wuta. Wani ɗan uwansa ya ce kwantirola ɓarnar kuɗi ce a jona fanel kai tsaye ya fi saurin cika, haka muke yi wata biyu kenan. Yanzu ruwan batirin na saurin ƙafewa kuma wasu ranakun bai cika ba. Mu ƙara masa fiya wata? Uwargida daga Kware.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah shi saka maki, Allah shi bar zumunci. Don Allah ki ajiye jaridar nan ki je ki cire wayar fanel ɗin nan daga batir sannan ki dawo mu ci gaba.

Fanel ɗin da ake ce ma na 12V in ba a ɗora masa kaya ba yana kai bolt 21 ko 22. Lokacin da batir ke da yunwa zai janye shi ƙasa ba matsala, amma ranar da maigida bai fita ba ko bai yi amfani da injin sosai ba, batir ya cika fanel bai sani ba yana ta turawa 15, 16, ruwan ya yi ta tafasa yana fita, shi ne ƙafewar da kike gani. Kwantirola ita ce mai tsaron ƙofa. Akwai PWM mai araha akwai MPPT mai tsada wadda ke tatso ƙarin wuta daga fanel, ga ɗan ƙaramin haɗi irin naku PWM mai amp 20 ko 30 ta isa. Ki lura kasuwa ta cika da waɗanda anka rubuta MPPT a jiki amma ciki PWM ce, ta gaskiya tana da nauyi don akwai naɗin waya a cikinta, in kin ɗaga kin ji ta sakayau kamar fankon ashana kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba to kin san sauran. Wurin haɗawa batir ake fara jonawa da kwantirola sannan fanel, wurin cirewa fanel ake fara cirewa.

Rashin cikar kuma lissafi ne kawai. Fanel 100W da rana tsaka amp 5 zuwa 6 yake bayarwa, rana mai ƙarfi a ƙasarmu awa biyar zuwa shida ce a wuni, kin ga wajen 30Ah kenan. In maigida ya ci 50 da dare kina mayar da 30, gobe ya sake ci, bashi ne ke hawa kan bashi. Ki ƙara wani fanel 100W irinsa ku zama 200W, in Allah ya hore 250 ya fi. Ku kun ma yi sa'a tunda da dare yake fita, batir na gida daidai lokacin da rana ke dukan ƙasa, masu fita da rana su sai sun yi batir biyu ɗaya na ruwa ɗaya na gida suna musanyawa. Fanel a rana batir a inuwa, ki ja waya mai kauri tsakaninsu. Lokacin hunturu kuma ƙurar nan da ke kwanciya kan fanel tana cin wuta sosai, a sa yaro ya goge kowace safiya da tsumma mai laushi.

Wani abin da ba ki faɗa ba amma na san ana yi, wayoyin maƙwabta. Gidan da ke da sola a ƙauye ai ya zama tashar caji, ga fanka ga rediyo. Wayoyi biyu uku ba komai, amma fanka wuni guda a jikin batirin da ake so ya cika kafin magariba, maigida ne zai biya da filafili tsakar tafki.

Fiya wata kuwa a'a, haka ruwan rijiya ko na burtsatse, duk suna da gishirin ƙasa da ke lalata farantan. Ruwan distil na batir za ki nema wurin masu kayan mota. In farantan sun leƙo waje ki zuba ya ɗan rufe su kawai sannan a yi caji, sai ya cika a ƙarasa zubawa zuwa alamar, don ruwan na kumbura da caji in kin cika tun farko zai yi ambaliya. Da bazara a riƙa dubawa duk sati biyu. Wannan koren abu ko fari da ke tsirowa kan tamina, wato kawunan batir inda ake ɗaure waya, ki jiƙa kanwa ki goge da tsohon buroshi, ki ɗauraye, ya bushe ki shafa basilin, amma murafen su kasance a rufe kar ruwan kanwar ya shiga ciki. In asid ya fantsama ma wani a ido, ruwa mai tsabta da yawa a yi ta zubawa na aƙalla minti 15 a wuce asibiti.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Nawa injin 24V ne, batir biyu na haɗa jan wannan da baƙin wancan, cajata ma 24V ce. Guda ɗaya kullum yana 12.7 ɗayan 12.1, tare na saye su rana ɗaya. Fitilar da nake haska koma da cajin waya dai a jikin guda nake ɗauka. Zan sayi sabo ɗaya in canza mai raunin. Saurayi daga Wurno.

AMSA: Ƙanena ai ka ba kanka amsa a layinka na kusa da ƙarshe. Batir biyu a irin wannan haɗi shanun huɗa ne a karkiya ɗaya, kai kuma bayan an tashi daga gona kana ɗaukar ɗaya ka sa shi jan amalanke. Caja 24V jimla kawai take gani, in ta ga 28 da wani abu ta ce sun cika, ba ta san ɗaya na 15 yana ƙonewa ɗaya na 13 bai ƙoshi ba, kullum tazarar na ƙaruwa.

Kar ka sayi sabo tukuna. Cire wayar da ta haɗa su, ka ari caja 12V ka cika kowanne shi kaɗai har ƙarshe, su huta dare ɗaya ka gwada. In mai raunin ya tsaya 12.6 ya tsira, ka mayar da su ka riƙa yi masu haka duk wata. In ya zame ƙasa da 12.4 ba tare da an taɓa shi ba to ƙanzo ya kama, kuma nan ne labarin ba daɗi, don sabo da tsoho ba sa zama a karkiya ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa cikin 'yan watanni, biyun za ka canza, mai lafiyar ka bar shi gida ya riƙe fitila. Akwai caja mai baki biyu da ke ba kowane batir nasa daban, ita ce ma anka fi yi ma irin injin nan. Fitila da waya kuma ka sayi 'yar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12 ka jona ta a kan biyun gaba ɗaya.

TAMBAYA: Ɗana Injiniya, Allah shi yi maka albarka. Ina da Yamaha 15 da nike tahiya mai nisa da ita, in na kai wurin kihi in kashe in kunna ɗan injin batir. Yara sun ce in jona batirin ga Yamaha ta riƙa cika shi bisa hanya. Kuma ƙaramin janaretana Tiger na da wata kahwa an rubuta DC 12V, ko ita ta isa? Dattijo daga Silame.

AMSA: Amin Baba, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana. Yaran ba su yi ƙarya ba amma sun cika buri. Ƙananan injinan nan koyil ɗin da ke cikinsu na kunna fitila ne, amp biyar shida yake bayarwa shi ma sai an taka mai sosai, kuma a da yawansu wutar ba irin wadda batir ke ci ba ce sai an sa mata ragileta mai juya ta. Ko an sa, tafiyar rabin awa 3Ah ce, abin da ɗan injin zai lashe cikin minti goma. Ƙari ne ba abinci ba, in akwai shi a karɓa, amma kar a fasa cajin gida saboda shi.

Kafar DC ta janareta kuma za ka ga an rubuta 8.3A kusa da ita, ba ta da mai tsaron ƙofa, irin injin shagon da na ba da labari ce a sama. In ta kama dole a yi amfani da ita awa biyu uku ana tsaye a kai da mita, boltej na kai 14.4 a cire. Abin da ya fi, Baba, a jona caja ta kirki a soket ɗin janaretan na yau da kullum, caja amp 10 ko wat 200 ba ta ci, ba za ta dame shi ba. Tunda kana ɗaukar fetur da batir a jirgi ɗaya, jarka can gaba batir can baya, wayoyin a ɗaure su da noti ba a naɗe da hannu ba, a sa fiyus ko bireka mai amp 60 a jan waya kusa da batir. Kuma na roƙe ka kar yara su ce a ɗauko dogon batirin inbata 220Ah a aza ma kwalekwale, ya haura kilo 60, mutum guda ne zaune gefe ɗaya da ba ya iya gyara zama, mun ga abin da lodi ya yi a ruwan Shagari da na Goronyo, Allah shi jiƙan waɗanda sunka rasu. Batir ƙasa ƙasa a tsakiyar faɗin jirgi cikin akwatin roba a ɗaure, rigar ruwa kuma a jiki.

TAMBAYA: Oga ni litiyam nake son saye, an ce shi ba ya mutuwa. Cajar da nake da ita ta tsohon batir za ta yi? Daga Sakkwato cikin gari.

AMSA: Yana mutuwa mana, ya dai fi daɗewa. Wanda anka rubuta LiFePO4 za ka nema, ba tarkacen batiran laftof da ake harhaɗawa cikin akwati ba, waɗannan su ke kamawa da wuta. 100Ah ɗinsa wajen kilo 12 ne na dalma kuwa wajen 30, kana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa ba rabi ba, yana yin zagaye dubu biyu ko fiye, kuma shi ba ruwansa da ƙanzo, in ya kwana rabi ba abin da zai same shi, in ma ajiye shi za ka yi na watanni a rabin ya fi so. Gaskiya ga masuncin da caji ke ba wuya shi ne ya fi dacewa, kuɗin farko ne kawai ke kora mutane.

Cajarka kuwa sai ka duba. Shi 14.2 zuwa 14.6 yake so ya cika a tsaya. In tsohuwar na da tsarin nan na farfaɗo da mataccen batir da ke harba 15 ko 16, allon tsaron da ke cikin litiyam ɗin, BMS, zai yanke wuta, in mai arha ne ya ƙone. Sayi wadda anka rubuta litiyam a jikinta ka huta, kwantirolar sola ma a saita ta kan litiyam. Takardarsa za ta yi ta gargaɗin kar a yi caji ƙasa da digiri 0, wannan ba namu ba ne, layin da ke ƙasa shi ne namu, yawancinsu ba a so a yi masu caji in sun haura digiri 45, kuma baƙin akwati da ya wuni cikin kwalekwale a rana ya wuce haka nesa. Ka kai shi inuwa ya sha iska awa ɗaya tukuna. Mitar boltej ma ba ta faɗin gaskiyarsa sosai, zai tsaya 13 da ɗan wani abu kusan duk wuni sannan ya ɗauke ɗif ba sallama, ka nemi mai nuna kashi nawa ya rage ko ka riƙa ƙirga awoyinka.

TAMBAYA: Wai da gaske ne in an ajiye batir a kan siminti ƙasa na shanye wutar?

AMSA: Zancen zamanin da ne lokacin da ake yin jikin batir da katako da wata irin roba mai tsattsafo da damshi. Na yanzu filastik ne, simintin ɗaki ma sanyi zai ba shi. Abin da ke shanye wuta datti ne da damshin asid a samansa tsakanin tamina biyu, ka riƙa gogewa.

TAMBAYA: Injiniya tunda ga batir a jirgi, ko za ka koya mana yadda ake haɗa shi da inbata a saka waya cikin ruwa kifi ya taso?

AMSA: Ba zan koya ba. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana kamu da wutar lantarki kamar yadda ta hana guba da nakiya, kuma ko ba doka, wutar ba ta zaɓen babba, tarwaɗa da karfasa da 'ya'yansu da ƙwansu duka take kashewa, ga shi kai kanka kana tsaye cikin jiƙaƙƙen jirgi da ƙafa ba takalmi. Je ka faɗa ma Sarkin Ruwan garinku wannan dabara ka ji abin da zai ce maka.

Bawan Allahn da ya rubuto daga Rabah cewa batirinsa sabo ne kuma yana cika 12.7 amma injin ya rage gudu yana zafi, kai ba caji ne matsalarka ba. Kwance notin farfelar ka zare ta, ina kyautata zaton za ka tarar da zaren koma ko na mamari da ciyawar burgu sun naɗe a sandar sun yi tamau, su ke sa injin jan wuta fiye da ƙa'ida, in sunka daɗe kuma su yanke robar da ke hana ruwa shiga. Ka cire wayar batir kafin ka sa hannu, kuma ka kula da ɗan ƙarfen nan da ke gicciye a sandar kar ya faɗa ruwa, ka turo mani hoton abin da ka gani mu duba mako mai zuwa.